Sau Nawa? Kalmomin Yawan Aukuwa a Ingilishi

Karatu

Madarunfa tana kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita kamar 20. Garin yana bakin tafki. Kullum rana tana fitowa daga gabas ta haska ruwan. Galibi da asuba masunta suke tura jiragensu. Sau da yawa suna kamo karfasa da tarwaɗa. Wani lokaci kuma sukan dawo da ɗan abin miya kawai. Shamuwa takan iso da bazara, kafin ruwa ya zauna, ta yi sheƙa a kan itatuwan gari. Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina, ba ya gudu sai da damina. Ba a cika ganin ruwan sama a watan Janairu ba. Baƙi sukan zo ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ake faɗi suna kewaye da tafkin. Amma ƙanƙara irin ta ƙasar Turai, mai sauka kamar auduga ta rufe ƙasa fari fat, ba ta taɓa sauka a Madarunfa ba.

Kowace jimla ta wannan karatu tana amsa tambaya guda: sau nawa abin yake faruwa? Kalmomin da ke ba da amsar, kamar kullum, galibi, sau da yawa, wani lokaci, su ne ake kira bayanau na yawan aukuwa. Hausa tana da su, Faransanci yana da su, Ingilishi ma yana da su. Sai dai kowane harshe da wurin da yake ajiye nasa.

Me ya kawo Ingilishi cikin wannan littafi?

A lakwal ɗin gwaji yaro yana fara karatu da harshen da ya tashi da shi, daga baya ya kama Faransanci. An buɗe ta farko a Damagaram a shekarar 1973, kuma da Hausa aka fara. Ingilishi sai an shiga kolej, a ajin farko da ake kira siziyam, kuma yana cikin jarrabawar BEPC.

To amma ɗan Madarunfa ba ya jira sai kolej kafin ya gamu da Ingilishi. Hanyar da ta fito daga Maraɗi ta bi ta Ɗan Isa ta shiga Jibiya, ta zarce Katsina. Kayan da ke shigowa ta wannan hanya, sabulu, madara, taki, maganin ƙwari, maganin zazzaɓi, da yawansu rubutun jikinsu da Ingilishi ne. Ban da wannan, a watan Maris na 2025 babbar dokar da aka kafa a Nijar ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki.

Akwai abin lura tun daga sunan harshen. A Nijar in an ce Turanci, sau da yawa Faransanci ake nufi. A Najeriya kuwa Ingilishi ake nufi. Don kada a ruɗe, wannan darasi yana kiran kowane harshe da sunansa.

Daga cikakkiyar tiya zuwa busasshiya

Ga kalmomin, an jera su daga mai yawa zuwa babu:

always: kullum, ko da yaushe; toujours
usually: galibi, bisa al'ada, d'habitude
often: sau da yawa, souvent
sometimes: wani lokaci, sa'i-sa'i, parfois
rarely ko seldom: ba safai ba, da wuya, rarement
hardly ever: kusan sam, presque jamais
never: sam, faufau, ba a taɓa ba, jamais

A ɗauki tiyar awo a kasuwa. In an cika ta da hatsi har ta yi tozo, wannan shi ne always. In an kife ta an kaɗe, ko ƙwara ɗaya babu, wannan shi ne never. Sauran kalmomin suna tsakani. Usually tiya ce da ta kusa cika. Often ta wuce rabi. Sometimes tana wajen rabi ko ƙasa da haka. Rarely ɗan abin da ya rufe gindi ne. Hardly ever kuwa ƴan ƙwayoyin da suka maƙale ne.

Wasu littattafai suna sa wa kowace kalma lamba, su ce wannan 90 ce cikin 100, waccan 50 ce. Lambobin suna taimaka wa ƙwaƙwalwa, amma ba doka ba ce. Biyu kaɗai ne tabbatattu, ta sama da ta ƙasa. Na tsakiya ya danganta da abin da ake magana a kai. Wanda ke zuwa Makka sau ɗaya cikin shekara biyu, za a ce yana zuwa often. Wanda ke zuwa gonarsa sau ɗaya cikin sati biyu da damina, za a ce yana zuwa rarely, ciyawa ma za ta shaida.

Seldom da rarely ma'anarsu ɗaya. Seldom tsohuwar kalma ce, an fi gamuwa da ita a rubuce. Ɗalibi ya san ta don karatu, ya riƙe rarely don magana. Often kuma ana faɗinta iri biyu: wasu suna furta harafin t, wasu suna haɗiye shi. Duka daidai ne.

Wurin zaman kalmar

Nan ne aikin yake. Sanin ma'anar kalmomi bakwai aikin yini ɗaya ne. Sanin inda ake ajiye su yana ɗaukar watanni, musamman ga wanda ya riga ya saba da Faransanci.

A Faransanci, in aikatau guda ne, bayanau yana bin bayansa. A Ingilishi yana shiga gabansa.

Masunta suna kama tarwaɗa sau da yawa.
Les pêcheurs prennent souvent des silures.
The fishermen often catch catfish.

A dubi jimlolin nan uku da kyau. Hausa ta kai kalmar ƙarshe, ko da yake tana iya kawo ta farko. Faransanci ya sa ta tsakanin aikatau da karɓau. Ingilishi ya sa ta tsakanin aikau da aikatau. Ɗalibin da ya bi sawun Faransanci zai rubuta The fishermen catch often catfish, malamin Ingilishi kuma zai ja masa jan layi. Dalili shi ne, Ingilishi ba ya son a raba aikatau da karɓaunsa. Kamar akuya ce da ɗanta, ba a ratsa tsakaninsu. Wannan kuskure yakan fito a kayen ƴan siziyam, kuma ba rashin ƙwazo ke kawo shi ba. Sau da yawa wanda ya fi iya Faransanci shi ya fi faɗawa ciki.

Akwai aikatau ɗaya da ya saɓa wa wannan ƙa'ida, wato be, da siffofinsa am, is, are, was, were. Shi ne ke gaba, bayanau ya biyo baya.

April is always hot in Madarounfa.
Kullum watan Afrilu da zafi yake a Madarunfa.
The paths are often muddy in August.
Hanyoyi sukan yi taɓo a watan Agusta.

In kuwa aikatau biyu ne, mataimaki da babba, bayanau yana zama bayan mataimakin. Nan Ingilishi da Faransanci sun yi kama.

She has never seen the sea.
Elle n'a jamais vu la mer.
Ba ta taɓa ganin teku ba.

Sometimes, usually da often sun fi sauran sakewa. Ana iya buɗe jimla da su: Sometimes the fishermen come back early. Always da never ba su cika buɗe jimla ta labari ba. Suna buɗe ta umurni ko ta hani: Always wash your hands, wato a riƙa wanke hannu kullum. Never swim alone in the lake, wato kada a kuskura a yi iyo a tafki ba tare da kowa ba.

Kalmomin da ke ƙirga adadi, irin su every day, once a week, twice a month, three times a year, su ƙarshen jimla suke zama, kamar a Hausa. Kasuwar Maraɗi tana ci sau biyu a sati, Litinin da Juma'a: The market of Maradi is held twice a week. A lura, Ingilishi yana da kalma ta musamman don sau ɗaya, once, da sau biyu, twice. Daga uku sai a ƙirga: three times, four times.

Abin da Hausa ke ɓoyewa cikin aikatau

Jerin da aka bayar a sama zai iya sa ɗalibi ya ɗauka kowace kalmar Ingilishi tana da ƴar'uwarta guda a Hausa. Ba haka ba ne. A sake duba karatun farko. A jimlar shamuwa babu kullum, babu galibi, babu sau da yawa. Abin da ke akwai shi ne takan. Wannan ɗan guntu, kan, shi ne alamar lokaci sabau: nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan, akan. Hausa ta zuba ma'anar sabo cikin lamirin aikatau. Ingilishi ba shi da irin wannan lamiri, sai ya nemi bayanau ya yi masa aikin.

Saboda haka mai fassara Yakan tafi Jibiya dole ya tsaya ya yi tunani. In ɗan kasuwa ne da ba ya fashin zuwa sai da dalili, He usually goes to Jibia. In mai ƴan'uwa ne a can, yana leƙa su jifa-jifa, He sometimes goes to Jibia. Kalmar Hausa ɗaya, fassara biyu, kuma sanin mutumin ne ke zaɓa.

A tashar mota ko a kasuwa, ƙetaren iyaka, ana jin mutane suna cewa I use to go suna nufin nakan je. Kowa yana gane su, ciniki kuma yana tafiya. Amma a Ingilishin littafi da na jarrabawa, used to yana nufin abin da aka saba yi dā, aka daina. I used to go ma'anarsa dā nakan je, yanzu na bari. Ɗalibin da ke nufin har yanzu yana zuwa sai ya ce I usually go.

Haka kuma cika da faye. Ba a cika ganin ruwa a Janairu ba. Bai faye magana ba. Waɗannan aikatau ne a Hausa, kuma tare da korewa suke wannan aiki. A Ingilishi rarely ko hardly ever ke ɗaukar nauyinsu: It hardly ever rains in January. He rarely speaks.

Sai taɓa. Asalinta sa hannu a kan abu, amma in ta zo gaban wani aiki tana tambayar ko abin ya faru ko da sau ɗaya. Ka taɓa shiga jirgin ruwa? Ingilishi yana cewa Have you ever been in a boat? Amsar korewa ita ce I have never been in a boat. Ever da never ƴan gida ɗaya ne. Never ta samo asali ne daga tsohuwar kalmar korewa ne da aka manna wa ever, tun a Ingilishin dā.

Sai dai never ta fi ban taɓa ba faɗi. Tana duban baya, tana duban yanzu, tana duban gaba, Hausa kuwa kowanne da yadda take faɗinsa:

He has never smoked. Bai taɓa shan taba ba.
He never smokes. Ba ya shan taba sam.
He will never smoke. Ba zai sha taba ba har abada.

Korewa sau ɗaya ta isa

Hausa tana kore magana da ba a gaba, ba a baya. Faransanci yana da ne a gaba, jamais a baya. Yaron da ya saba da harsuna biyu masu korewa mai ƙafa biyu, hannunsa zai so ya ƙara not kusa da never. Kada ya ƙara. Never ita kanta korewa ce. He never comes late daidai ne. He does not never come late kuskure ne a Ingilishin lakwal. Haka rarely, seldom da hardly ever, duka ba sa haɗuwa da not.

Hardly tana da wani tarko nata. Ta yi kama da hard, amma sun yi hannun riga. He works hard yabo ne: yana aiki tuƙuru. He hardly ever works zargi ne: kusan ba ya aiki sam. Haruffa biyu ne tsakanin manomin kirki da malalaci. Wanda zai rubuta wa wani takardar shaida da Ingilishi ya yi hattara da su.

Toujours ma tana da fuska biyu. Il est toujours à Dan Issa tana iya nufin kullum yana Ɗan Isa, tana kuma iya nufin har yanzu yana can bai dawo ba. Ta farko always ce. Ta biyu still ce.

Wane lokacin aikatau?

Bahaushe yana cewa kullum yana zuwa gona. An koya wa ɗalibi cewa yana zuwa shi ne he is going, sai ya rubuta He is going to the farm every day. A nan ya zame. He is going na abin da ke gudana yanzu ne, ana kallo. Abin da aka saba yi, Ingilishi yana faɗinsa da aikatau tsura, tare da s a ƙarshe in aikau mutum ɗaya ne da ake magana a kansa: He goes to the farm every day. She often sells fish. Shigowar bayanau tsakani ba ta cire wannan s.

Akwai wuri ɗaya da always ke haɗuwa da is da ing, wato wurin ƙorafi. He is always losing his pen. Wannan ita ce muryar uwa ko ta malami da ya gaji: kullum sai ya ɓatar da bironsa!

Rubutun jikin kwalin magani

A aji, kuskuren bayanau maki ɗaya ko biyu yake ci. A jikin kwalin magani abin ya wuce maki.

Da damina zazzaɓin cizon sauro yana kama yara da yawa a ƙasar Madarunfa. Maganin da ake kira Coartem ana shan sa twice daily for three days, wato sau biyu a yini har kwana uku, sha shida ke nan. Yawan ƙwayoyin kowane sha ya danganta da nauyin marar lafiya. Wanda ya karanta twice ya ɗauka once ce, rabin magani ya ba da, zazzaɓi kuma yana iya dawowa. Akwai kuma maganin rigakafi da ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, aka fara shi a Nijar a 2013, kuma Madarunfa tana cikin yankunan farko. Shi ana zagayowa da shi once a month ne, sau ɗaya a wata, a watannin zazzaɓi.

Ga waɗanda suka fi ruɗa mutane. Daily ita ce every day, kowace rana. Every eight hours, duk bayan awa 8, sau uku ke nan cikin yini da dare. Every other day ba kowace rana ba ce: a sha yau, a tsallake gobe, a sha jibi. Twice a week sau biyu ne a sati, every two weeks kuwa sau ɗaya ne cikin sati biyu. A wata guda na farko ya kai sau 8, na biyu sau 2.

A gidaje da yawa ɗan lakwal ake miƙa wa kwali a ce ya karanta. Ya karanta abin da ya sani, wannan taimako ne. Amma iya karanta twice bai mai da shi malamin asibiti ba. In ya ga kalmar da bai tabbata ba, ya faɗa wa iyayensa gaskiya, a koma likita a tambaya kafin a ba yaro.

Aiki

1. A sake karanta karatun farko. A ja layi ƙarƙashin duk abin da ke amsa tambayar sau nawa. A ware waɗanda bayanau ne da waɗanda ke cikin aikatau.

2. A sa kowace kalma a wurinta.
always: The sun rises in the east.
often: My uncle is in Katsina.
never: We have seen snow.
twice a week: She goes to Maradi.

3. A gyara waɗannan jimloli.
My father drinks often tea.
They do not never fish at noon.
He usually go to school on foot.
She is selling milk every day.

4. A juya zuwa Faransanci, sannan zuwa Ingilishi.
Shamuwa takan zo da bazara.
Ba mu cika cin nama ba.
Kin taɓa zuwa Damagaram?
Ba ya makara sam.

5. An rubuta a kwalin magani: one tablet three times daily for five days. Ƙwaya nawa ke nan gaba ɗaya? In da an rubuta every other day for six days, sau nawa za a sha?

6. Tambayar sau nawa a Ingilishi ita ce How often. Kowane ɗalibi ya yi wa na kusa da shi tambaya uku da ita, ya rubuta amsoshin a kaye.

7. Kowane ɗalibi ya sami wani dattijo cikin masunta ko manoman bakin tafki, ya gaishe shi, ya tambaye shi da Hausa: Baba, tafkin nan ya taɓa ƙafewa? Gulbi yakan yi ambaliya? A rubuta amsar da Hausa yadda dattijon ya faɗe ta, sannan a zaɓi kalmar Ingilishi da ta dace da ita, a kawo aji ranar Litinin.